Takardar da Na Sa wa Hannu

Wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa a yankinmu na Shanga ta yi asarar kuɗi, wasu mata masu sana'ar kifi a ƙasar Ngaski kuma suka yi asarar da ta fi wannan ciwo, duk saboda wani ɗan rubutu da bai cika layi uku ba. Ba ni na rubuta shi ba. Amma ni aka ba in duba, ni na ce ya yi, ni na sa hannu. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, ko na matashin da ya haɗa musu manhajar, domin alhakin da zan ba da labarinsa a wuyana yake.

Hajar 'yan ƙungiyar ita ce hajar yankin: albasa, shinkafa mai ɓawo, bandar kifi da busasshen warangi. Masu saye kuwa suna nesa, wasu a Kano, wasu a Legas, wasu a Anacha, kuma tambayarsu ba ta yankewa. Akwai? Nawa? A ina za a ɗora? Sakataren ƙungiya shi ke fama da waya dare da rana. Tun 2019 WhatsApp ya ba 'yan kasuwa damar jera hajarsu a kundi da hoto da farashi, to amma kundi ba ya amsa tambaya, ba ya kuma sanin cewa mai saye yana son kaya a Yelwa ne ba a Wara ba. Sai wani matashi ɗan yankin da ya karanci kwamfuta ya kawo shawarar a sa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, irin manhajar nan mai hira da mutum kamar ChatGPT ko Claude, ya riƙa amsa masu saye. Sharaɗin shi ne kada ya faɗi komai da ka, sai ya duba bayanan ƙungiya tukuna.

Ƙungiyar tana da wakili a duk inda ake tara kaya, daga garuruwan kan hanyar Yawuri zuwa Koko har bakin ruwa. Kowane wakili yana da jadawali a wayarsa inda yake rubuta abin da ke hannu da farashinsa, waɗannan jadawalai su ke zuba bayani cikin babban kundi. Shi ɗan aiken ba ya ganin kundin kai tsaye. An ba shi wasu ƙananan manhajoji ne da zai riƙa kira, kowace da aikinta: ɗaya tana jero masa jadawalan da ake da su, ɗaya tana buɗe wanda ya zaɓa, ɗaya tana tura saƙo ga sakatare. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP ta yadda za a haɗa irin waɗannan manhajoji da ƙirƙirarriyar basira, OpenAI da Google suka karɓe ta a 2025, ita matashin ya bi. A ƙa'idar, kowace ƙaramar manhaja tana zuwa da sunanta, da ɗan bayani a rubuce, da jerin abin da za a ba ta. Wannan ɗan bayanin shi ne iyakar abin da ɗan aiken ya sani game da ita. Da shi yake yanke hukuncin wadda zai kira, da lokacin da zai kira ta, da ma'anar abin da ta dawo masa da shi.

Kamar dai ka ɗauki baƙon da bai taɓa zuwa Yawuri ba, mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin ƙafa, ka miƙa masa takarda ka aike shi kasuwa, ga shi ba shi da halin dawowa ya tambaye ka. Abin da ka rubuta zai bi shi daidai. Abin da ka bari kuwa zai cike shi da zato, ya dawo yana magana da cikakken yaƙini, ba ka da yadda za ka raba wanda ya gani da wanda ya zata.

Ni aikin ofis nake yi, na daɗe ina duba takardun bayanin manhajoji, shi ya sa shugabannin ƙungiyar suka ce kada a kunna komai sai na duba. Bayanin manhajar da ke jero jadawalai da Turanci aka rubuta shi, ma'anarsa kuma ita ce: tana jero jadawalan haja da ke cikin kundi, tana dawo da suna da lamba da kwanan watan kowanne. Na auna shi da ma'aunin da na saba. Sunan manhajar ya dace da aikinta. Ba kuskuren nahawu. Ba surutu. An faɗi abin da take karɓa, an faɗi abin da take mayarwa. Na gwada ta da 'yan jadawalan gwaji da matashin ya shirya, ɗan aiken ya kira ta, ya zaɓi wanda ya dace, ya faɗi farashi daidai. Na rubuta cewa bayanin ya wadatar, har na yabi gajartarsa.

Ga abin da ya fi damuna har yau. Na san manhajar ba ta kawo jadawalai duka a tashi ɗaya. Shafi-shafi take kawowa, kamar yadda akasarin irinta suke yi, sai an nemi na gaba sannan ya zo. Matashin da bakinsa ya gaya mini haka muna zaune. Na san tana farawa ne daga mafi daɗewa. Na kuma san kwanan watan da take nunawa na ranar da aka buɗe jadawalin ne, ba na ranar da aka taɓa shi a ƙarshe ba. Da jahilci ne ya ja ni da abin ya zo da sauƙi. Sani ne ya rufe mini ido. Ina karanta layukan, kaina yana cusa musu abin da na riga na ji, har na ga kamar a rubuce yake. Ban tsaya na tambayi kaina ko wanda bai zauna da mu ba zai gane haka daga takardar kaɗai. Jadawalan gwajin kuma ba su da yawa, duk sun shige shafi ɗaya, duk sababbi ne, don haka gwajin bai taɓa inda ciwon yake ba.

An kunna aikin ne lokacin kakar albasa, wajen ƙarshen rani, kuma da farko komai ya tafi lafiya. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yadda mutane za su yi amfani da jadawalin a zahiri. Wakilan ba sa gyara tsohon jadawali idan farashi ya motsa. Sabo suke buɗewa, su bar tsohon inda yake. Kuma suna da hujja: tsohon shaida ne, idan gardama ta taso kan cinikin makon jiya shi za a buɗe. Ɗan kasuwa ba ya yage shafin littafinsa. To da tafiya ta yi tafiya sai jadawalai suka taru suka cika shafin farko, duk wani sabo ya koma shafi na biyu da na uku, inda ɗan aiken bai san akwai su ba. Yana kira, a ba shi shafin farko, ya duba wanda ya fi sabon kwanan wata a cikinsu, ya ɗauka shi ne na yau.

Duk wanda ya taso a ƙasar Yawuri ya san albasa ba ta da farashi ɗaya. Da rani ake nomanta a bakin ruwa, idan aka cire ta kasuwa ta cika ta yi arha, mai hali ya zuba a rumbu ya jira. Tana zaune tana raguwa, wata ta ruɓe, wata ta tsiro, har zuwa ƙarshen damina lokacin da take wuya farashinta ya ɗaga sama. A daidai wannan lokacin wani mai saye daga kudu ya tambaya, ɗan aiken ya ba shi farashin da aka rubuta tun albasa na zube a ƙasa, ya kuma tabbatar masa akwai buhuna masu yawa. Mutumin ya ga garaɓasa. Ya tura kafin alƙalami, ya yi jingar mota, sai ganinsa aka yi.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne, abokin mahaifina. Da na isa wurinsa na fara yi masa bayanin shafuka da kwanan wata, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ɗana, mutumin nan bai san na'ura ba, mu ya sani. Lambarmu ya kira, da sunanmu aka gaya masa. Magana zarar bunu ce."

Na ce, "Baba Alhaji, laifina ne. Ni na ce a kunna."

Ya ce, "Na ji. Amma yanzu ba laifi ake nema ba, mota ce tsaye a waje."

Aka zauna da baƙon, aka gaya masa gaskiya, aka ba shi wani kaso na kayan a farashin da aka ambata masa, aka ɗauke masa kuɗin motar, giɓin kuma aka cike shi daga asusun ƙungiya, wato daga gumin mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan irin wannan. Manhajar hira ta kamfanin jirgin sama na Air Canada ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba game da rangwamen masu tafiya ta'aziyya, kamfanin ya nemi zame kansa daga abin da manhajar ta faɗa, kotun ta ce alhakinsa ne. Baba Alhaji bai taɓa jin labarin ba, amma hukuncin da ya yanke a zaurensa shi ne wannan.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce an yi asara an biya. Sai da na koma na karanta tsofaffin hirarrakin ɗan aiken da masu saye ɗaya bayan ɗaya, sannan na ga ɓarnar da ba wanda ya kawo ƙararta.

Matan bakin ruwa na wajen Wara sun shigo ƙungiyar ne daga baya. Ma'ana jadawalansu tun ranar farko a shafi na biyu suka faɗa. Ɗan aiken bai taɓa ganinsu ba ko sau ɗaya. Masu saye suna tambayar warangi, suna tambayar bandar tarwaɗa da kurungu, yana amsa musu cikin ladabi cewa babu a halin yanzu, su yi godiya su nufi wani wuri. Wanda aka faɗa wa farashin ƙarya zai zo ya yi rigima, ka san da shi. Wanda aka ce wa babu shiru yake tafiya.

Waɗannan mutane ne da rayuwarsu ta rataya a kan ruwa tun kaka da kakanni. Da aka gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, tafkin da ya kwanta ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungu, wato tsibirai, masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da suka shahara da noman albasa a tsibirai. Tafkin ya kawo kifi, ya kuma kawo Sarkawa da sauran masunta daga wurare da dama. Ruwan da kansa sau biyu yake zuwa a shekara: farin ruwa na daminar kusa, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya ratso Mali ya iso lokacin sanyi. Da hawa da saukar ruwan nan kamu ke canzawa, abin da ke cike da kwando wannan watan wani watan sai an nema. Haja ce da ba ta jiran kowa.

Na je na sami babbarsu, tsohuwa mai banda. Ta jawo wani kwando daga ɗaki ta buɗe mini. Kifin sama da ɗan kyaunsa, amma da ta sa hannu ta ɗago na ƙasa sai ya ruguje a tafinta, kai ya rabu da jiki, cikinsa duk ƙananan ramukan ƙwari, gindin kwandon ya tara gari. Ta ce ta mayar da shi kan wuta ba sau ɗaya ba don ya ƙara kwana, kowace mayarwa itace ne, kowace mayarwa kuma nauyi ne ke tafiya.

"Ɗan nan, mu shiru muka gani, muka ce kasuwa ce ta mutu. Da mun san ba a san da mu ba, da mun kai Yawuri da kanmu tun yana da kyau."

Na ce, "Inna, ba kasuwa ba ce. An yi ta nema, aka ce babu. Ni ne ban duba da kyau ba."

Ta dube ni, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta rufe kwandonta. Asarar albasa an san adadinta, an biya. Ta matan nan ba wanda zai iya ƙididdige ta, domin cinikin da ba a yi ba ba ya shiga littafi, kuma har yau ba a mayar musu da komai ba sai yafe musu kuɗin ƙungiya na wani lokaci, wanda na san bai kai ba.

Da muka zauna gyara, na ƙi yarda a yi shi a ofis. Da sakatare muka yi, da wani dillalin albasa, da ɗiyar Inna wadda ke riƙe musu wayar. Tambayar da na yi musu guda ce: da za ku aiki baƙo ya duba littafin nan, me za ku gargaɗe shi? Abin da suka faɗa a zama ɗaya ya fi duk abin da ma'aunina ya ƙunsa. Dillalin ya ce farashin albasa da ya kwana bakwai tarihi ne, kada a faɗe shi. Ɗiyar Inna ta ce idan ba a ga kifi a rubuce ba a kira su, domin sau da yawa kayan na nan, sabis ne babu, sai ta hau tudu sannan saƙo ke fita. Sakatare ya ce wasu jadawalan na gwaji ne da wakilai suka buɗe suna koyo, ba haja ba ce.

Sabon bayanin ya ninka tsohon sau da yawa. Ya faɗa ƙarara cewa jerin shafi-shafi yake zuwa, kuma idan amsar ta zo da alamar akwai saura dole a nemi saura kafin a ce komai. Ya raba kwanan wata biyu, na buɗewa da na sabuntawar ƙarshe, ya ce na biyun za a bi. Ya ce jadawalin da ya wuce mako ba a taɓa shi ba kada a ɗauki farashi daga cikinsa, a tura wa sakatare. Ya faɗi cewa wannan manhaja sunayen jadawalai kawai take kawowa, ba hajar da ke ciki ba, ya kuma nuna wadda za a kira bayanta. Ya faɗi cewa karatu kawai take yi, ba ta goge komai, ba ta canza komai. Sannan jumlar da na fi ba muhimmanci: rashin ganin abu a jerin ba hujja ba ce ta cewa babu shi, kuma idan kiran ya gaza saboda intanet, a gaya wa mai saye ba a samu dubawa ba, kada a ce masa babu. A garuruwan gungu da bakin ruwa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, tsakanin waɗannan amsoshi biyu akwai abincin gida guda.

Mun ɗan ja da matashin. Ya ce, "Yaya, duk kalmar da aka ƙara kuɗi ce, domin a kowace hira sai na'urar ta sake karanta bayanin gaba ɗaya." Gaskiyarsa ne, da yawan rubutun da aka karanta ake biyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, kuma dogon bayani mai maimaici yakan rikita ɗan aiken ya rasa abin da zai riƙe. Shi ya sa muka tsaya a kan cewa duk jumlar da za ta zauna sai mun iya nuna kuskuren da take tarewa. Shi kuma ya kawo abin da ya fi nawa: wasu matsalolin ba na rubutu ba ne. Maimakon a roƙi ɗan aiken ya tuna ya nemi shafi na gaba, gara manhajar ta fara da mafi sabo, ta ɓoye waɗanda suka tsufa sai an nema. Ya gyara haka. Abin da za a iya toshewa a cikin manhaja bai kamata a bar shi ga gargaɗi ba, ko da gargaɗin ya yi kyau. Wannan ma aikin mai duba ne ya faɗa, ni kuwa na tsaya a kan kalmomi kamar ba su da alaƙa da abin da suke siffantawa.

Yadda nake gwaji ya canza. Kafin a kai ga na'ura, na buga bayanin a takarda na ba wata 'yar ƙanwata da ke sakandare, wadda ba ta san komai game da aikin ba, na haɗa mata da kwafin shafin farko na jadawalan gaske da duk dattinsu, na ce ta gaya mini farashin warangi, kuma ba ta da izinin tambayata. Da tsohon bayani ta duba ta ce babu warangi, daidai da abin da ɗan aiken ya yi ta faɗa. Da sabon kuwa ta ce, "Kawu, an ce akwai wani shafi, ina yake?" Bayan nan ne muka koma kan na'urar da tambayoyin da masu saye suka yi da gaske, da Hausa da Turanci da gaurayen su biyun, ina karanta kowane mataki da ya taka: me ya kira, me aka ba shi, me ya sa ya zaɓi wannan. Amsa daidai ba ta isa ba, domin yakan dace da gaskiya ta hanyar da gobe za ta kai shi ƙarya. Haka ya yi ta dacewa a watannin farko, mu kuma muna murna.

Akwai wani abu kuma da na koya a hanya wanda ya kamata duk mai irin aikina ya sani. A watan Afrilu na 2025 masu bincike a wani kamfanin tsaron intanet mai suna Invariant Labs sun nuna cewa ana iya cusa umarni a cikin bayanin irin waɗannan manhajoji, mutum ba ya gani a allonsa, amma ɗan aiken yana karantawa yana bi. A wurinmu ba wanda ya yi mugunta. Amma duk wanda zai ɗauko manhajar da wani ya haɗa ya jona ta da kundin hajarsa, ya nemi ainihin rubutun da na'urar ke karɓa daga farko har ƙarshe, kada ya tsaya ga taƙaitaccen da ake nuna masa.

Abin da ba mu warware ba shi ne awo. Jadawalan haja da manyan kamfanoni irin su Google da Facebook suka tsara sun tanadi gurbin farashi da nau'in kuɗi, na Google ma har da gurbin awo, kilo ko lita. An yi su ne don kayan kanti, inda kwalba ɗaya daidai take da 'yar'uwarta. Mu kuwa da buhu muke ciniki, da kwando, da kwali, da mudu. Buhun albasa ya danganta da irin buhun da yadda aka yi masa tozo, kwalin kifi ya danganta da girman kifin da wanda ya shirya shi, mudun wani gari ba na wani ba ne. Mai saye da ya saba zuwa ya san wannan, yana ganin kaya ya gane. Ɗan aiken kuwa buhu ɗaya ya sani, zai kwatanta farashin wurare biyu ya ce wannan ya fi arha, alhali ba abu ɗaya ake aunawa ba. Kada a raina wannan matsala a ce ta ƙauye ce. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar wani ɓangare tana fitar da lissafi da awon fam, ɗaya ɓangaren yana karɓa a matsayin awon mita da kilo kamar yadda takardar aikin ta tanada, aka yi watanni ana tafiya ba a gano ba.

Na ba da shawarar a sayi sikeli a kowane wurin tara kaya, a riƙa rubuta nauyi kusa da farashi. Masu shinkafa sun yarda nan take, tunda manyan injinan casa da ke sayen shinkafar Kebbi da nauyi suke karɓa. Masu albasa sun ƙi. Hujjarsu ita ce albasa tana rage nauyi a hanya, idan aka rubuta kilo a nan aka auna a Legas aka ga ya gaza, za a ce sun yi ha'inci, ga shi buhu ko ya yi kwanaki yana nan a buhunsa. Na yi tunanin maganarsu na ga ba son zuciya ba ne. Matan kifi kuma sun ce kifi da ido ake sayensa, babba ɗaya ya fi ƙanana goma daraja ko da nauyinsu ɗaya.

Don haka a yanzu bayanin ya ce kowane farashi na awon wurin da aka rubuta shi ne, dole ɗan aiken ya ambaci wurin da ranar tare da farashin, an kuma hana shi kwatanta buhun wani wuri da na wani. Idan mai saye ya nace sai ya san wanda ya fi arha, sakatare ake haɗa shi da shi. Ɗiyar Inna ta kawo shawarar a riƙa ɗaukar hoton kowane kwali a buɗe, da hannun mutum a gefe don a ga girman kifin, masu albasa ma suna duba ko za su yi haka da buhunansu. An sa maganar sikelin a taron ƙungiya na bayan baƙin ruwa, Baba Alhaji kuma ya ce in zo da matashin, kowa ya kawo hujjarsa a gaban jama'a.